Fuskokin da Suka Kwana a Tulun Wake

Malam Ɗan'azumi mai hoto shekararsa hamsin da bakwai, yana da mata ɗaya da 'ya'ya shida, kuma shagonsa da ke kusa da tashar mota a Birnin Kudu ya shekara ashirin da huɗu a wuri ɗaya. Ya fara sana'ar a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, lokacin da duk mai 'yar takarda ya tashi neman aiki a Dutse, kowace takardar neman aiki kuma sai an maƙala mata hoton fasfo. Ya ari kyamarar wani malamin makaranta, ya rataya jan ƙyalle a jikin bango, ya ajiye benci. Ya ce a watan farko ya ɗauki mutane da yawa babu saman hula, wasu ma babu kunne ɗaya, amma duk sun samu aikin.

Daga fasfo ya shiga biki da suna da saukar karatu. Ya sayi babur, ya riƙa bin Kangire da Unguwar Ya, ya dangana da Gwaram har Fagam, inda yayarsa Safiyatu take aure. Abin da ya bambanta shi da sauran masu hoto shi ne ba ya zubar da fim. Duk wanda ya wanke sai ya saka shi a ambulan, ya rubuta gari da hidimar da aka yi, ya jefa a kwali. Dalilinsa ɗaya ne. Mahaifiyarsu, Inna Abu, ta rasu shekara biyu kafin ya fara riƙe kyamara, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Har yau shi da Safiyatu suna gardama a kan zanen da ke kumatunta, shi ya ce uku ne, ita ta ce biyu, ba mai raba su.

Saboda haka shagonsa ya zama wurin da ake zuwa in an yi rashi. Mutum zai shigo ya ce tsohonsu ya rasu, ko an taɓa ɗaukarsa? Ɗan'azumi zai ɗaga kai sama, sannan ya ce, "Ba shi ne mai rake ba, wanda ya ƙi cire rawani?" Sai ya nemo. A ƙofar shagon ya sa an rubuta da fenti cewa a nan fuska ba ta ɓata.

A 2010 ya sayi kwamfuta ta hannu da na'urar sikana, ya kwashe shekara biyu yana zuba tsofaffin fim a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya gama da kaka. Damina ta gaba rufin ɗakin ajiyarsa ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. Ranar da ya ɗaga kwali ya ga ƙasa ce zalla, ya ce bai yi kuka ba, rawa ma ya kusa yi, don komai yana cikin kwamfuta. Hotuna sun haura dubu arba'in.

Shekara biyu bayan gama aikin, kwamfutar ta fara wani ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taunar aya. Mai gyara ya saurara ya ce ma'ajiyar da ke cikinta ce, wadda suke kira had-dis, kuma ta kusa mutuwa. Ya ce a kwashe kayan a zuba a wata tun da sauran numfashi.

Washegari Ɗan'azumi ya shiga motar Rilwanu zuwa Kano. Rilwanu direba ne na layin Birnin Kudu zuwa Kano, kuma taubashinsa ne, ɗan kawunsa, don haka tun suna yara ba sa magana ba tsokana. A wata kasuwar kayan waya da kwamfuta suka sami wani mai shago, Nu'uman, ya jera musu ma'ajiya iri biyu. Ga sabo dal a kwalinsa. Ga kuma gyararre, wanda ya yi aiki a wani ofis a ƙasar waje, aka goge shi, aka gwada shi, aka sa shi a sabon gida da igiyarsa, da garantin wata uku. Kuɗin sabo ɗaya yana sayen gyararre biyu.

"Sayi sabo, malam," in ji Rilwanu. "Ka taɓa ganin na sa wa motata tayar kwatano?"

"Duk huɗun kwatano ne. Ta bayan ma da zare ka ɗinke ta."

"To ai shi ya sa nake ba ka shawara. Na san wahalar."

Ɗan'azumi ɗan manomi ne, ya sha raka babansa sayen shanun huɗa. Ya ɗauki gyararren ɗaya, wanda bai fi tafin hannunsa ba, ya jujjuya, ya ce da Nu'uman, "Buɗe min bakinsa in ga haƙora."

Nu'uman bai yi dariya ba. Ya ce ai kuwa yana da haƙora. Ya jona shi a kwamfuta, ya buɗe wani shafi da ke nuna awannin da abin ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi, da ko akwai wurin da ya lalace a ciki. Na farko awa dubu uku. Na biyu awa dubu goma sha tara da 'yan kai. Duka biyun shafin ya ce lafiyarsu lau.

Rilwanu ya yi lissafi da yatsu ya riƙe baki. "Shekara biyu da wani abu bai runtsa ba. Wannan ai tsoho ne, fansho ya kamata a ba shi."

"Ɗan saurayin da tsohon, duka a ƙunsa min," in ji Ɗan'azumi.

Hujjarsa ita ce babansu bai taɓa ajiye irin shuka a rumbu ɗaya ba. Kullum sai ya kai wani gidan ɗan'uwa a wani ƙauye, saboda gobara. Ya dawo gida ya kwafe hotunan a cikin duka biyun, aikin da ya ci kwana uku ana tayar da janareta. Ana gamawa da sati ɗaya, tsohuwar ma'ajiyar kwamfutar ta mutu murus. Ya bar ɗan saurayin a shago don aikin kullum. Tsohon kuwa ya naɗe shi a leda uku, ya cusa a gwangwanin madara, ya ɗaure a bayan babur ya nufi Fagam.

Safiyatu ta girme shi da shekara tara, ita ta goye shi. A duk shekarun da ya yi yana ɗaukar mutanen Fagam, ita kaɗai ce ta ƙi tsayawa gaban kyamara. Ta ce wanda ya san ta ya san ta. Ya miƙa mata gwangwanin ya ce, "Yaya, ga amana. Kar ruwa ya taɓa shi, kar zafi, kar gara, kar yara."

"Mene ne a ciki?"

"Mutane ne. Dubu arba'in."

Ta auna gwangwanin a hannu ta ce ba su da nauyi. Ta ce ya tafi, ta san inda za ta sa su. Wannan ya faru a watan Nuwamba na 2014, an gama roron wake.

Wata biyar ɗan saurayin yana aiki kamar walƙiya. Ɗan'azumi ya riƙa tsayar da mutane a tasha yana ba su labarin gyararre, har wasu suka fara kauce masa. Ya ce sabo na masu son kwali ne. In Rilwanu ya wuce da lodi sai ya ɗaga abin sama ya girgiza masa, ko da yake Nu'uman ya ce kar a girgiza.

A tsakiyar bazara wata budurwa ta shigo shagon. Sunanta Ummussalma, shekararta ashirin da uku, ungozoma ce a wani asibiti a Gwaram. Ta gaida shi ta ce, "Baba, an ce fuska ba ta ɓata a nan." Mahaifiyarta, Sa'adiyya, 'yar Unguwar Ya ce, ta rasu Ummussalma tana wata bakwai. Ba ta taɓa ganin kamanninta ba. Kwanan nan wata gwaggonta, Batulu, ta tuna cewa a shekarar bayan an yi jiha wani mai hoto ya zo sunan ɗan Manu mai awo, ya jera mata a ƙofar gida ya ɗauke su, kuma Sa'adiyya tana ciki.

"Ni ne!" in ji Ɗan'azumi, ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ranar ce akuya ta cinye min jan ƙyalle."

Ya buɗe kwamfuta, ya sami hotunan sunan, guda goma sha ɗaya, mata sun fi talatin. Ummussalma ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ba ta san wadda za ta nuna ba. Shi ma bai sani ba. Gwaggo Batulu ce kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka tsaya a hoton, ga tsufa, ga yanar ido ta fara rufe mata gani, ga ciwon ƙafa. Suka yanke cewa Ummussalma za ta ɗauko ta a mota ranar kasuwa mai zuwa, saura kwana biyar. Ta ce da ƙyar za ta lallashe ta ta fito sau ɗaya, na biyu kuwa ba zai yiwu ba. Ɗan'azumi ya dafa ƙirji ya ce ta kawo ta kawai. Bai wanke ko ɗaya daga cikin hotunan ba, bai kuma tura mata a waya ba, don a ganinsa kwana biyar ba komai ba ne.

A kwana na uku da hantsi, yana tsakiyar gyara fasfon wani ɗan sanda mai ritaya, ɗan saurayin ya ce ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ɗan'azumi ya cire ya mayar. Ya hura masa iska. Ya yi masa fifita da hula. Mai gyara ya zo ya kara a kunne ya ce a yi haƙuri. Ɗan'azumi ya buga wa Nu'uman waya, Nu'uman ya jajanta masa, ya tuna masa cewa garantin wata uku ne.

Rilwanu yana tasha yana jiran layi lokacin da ya hango taubashinsa yana tahowa da gudu da takalmi ɗaya.

"Ina saurayin naka?"

"Tayar da mota. Fagam."

"Na ce ina saurayin? Ba za ka girgiza min shi ba yau?"

"Rilwanu, don Allah."

Rilwanu ya ce tun da suke bai taɓa jin ya haɗa shi da Allah ba, don haka ya bar layinsa ya kunna mota. Amma tun daga Birnin Kudu har Gwaram bai rufe baki ba. Ya ce in mai awa dubu uku ya mutu, mai dubu goma sha tara ai yanzu an yi sadakar arba'in ɗinsa.

Sun tarar da Safiyatu a tsakar gida tana tsince zogale. Ɗan'azumi ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce ina amana. Ta nuna da haɓa. A lungun ɗakinta akwai wani babban tulu, an toshe bakinsa da laka, lakar ta bushe ƙamas. A nan take ajiye irin wakenta. Kamar yadda matan wurin suke yi, takan gauraya waken da toka mai laushi, ta cika tulun, ta liƙe bakin, ƙwaro ba ya shiga, danshi ba ya shiga. Ƙanenta dai ya ce mata kar ruwa, kar zafi, kar gara, kar yara. Ita kuwa ba ta san wani wuri a duniya da ya cika sharuɗɗan nan huɗu ba sai tsakiyar tulun nan.

Ɗan'azumi ya zauna a ƙasa. Rilwanu ya jingina da bango yana dariya har da hawaye.

"Yaya, a toka kika binne su?"

"A toka. Ka ji an ce wakena ya taɓa huda?"

"To a buɗe."

"A'a."

"Me?"

"Ba a fasa bakin tulun iri sai ruwa ya sauka an yi shirin shuka. Haka Inna take yi, haka nake yi. In na buɗe yanzu ƙwaro ya shiga, me zan shuka? Hoto?"

"Yaya, jibi ake so!"

"To ka roƙi Allah ruwa ya sauka gobe."

Rilwanu ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ba da rahoto cewa ko gajimare ɗaya babu. Ɗan'azumi ya ce zai sayo mata wani irin a kasuwar Gwaram, mudu nawa take so. Ta ce wannan waken daga hannun Inna ya fito, shekara da shekaru tana juya shi, ba a sayar da irinsa a kasuwa. Ya ce sunansa zai zube a Birnin Kudu. Ta ce sunan da ita ta raɗa masa rabinsa, in ya zube za ta tsince. Ya ce zai kai ƙara wurin mijinta. Ta ce mijin yana gindin darbejiya, ya je, shi ma bai isa ya taɓa tulun ba.

Sai da suka gaji, ta ajiye farantin zogale ta ce, "Wai hoton wa ake wa wannan hauka? Ɗan siyasa?"

Ya gaya mata. Ya ce yarinya ce da ba ta san fuskar uwarta ba, kuma tsohuwar da za ta nuna mata sau ɗaya za ta iya fitowa.

Safiyatu ta tambayi wata nawa aka bar yarinyar. Ya ce bakwai. Ta tashi ta shiga madafa, ta fito da muciya, ta doki bakin tulun sau biyu, lakar ta tsage. Ta naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa, ta lalubo gwangwanin, ta busa tokar a fuskar Rilwanu.

"Biyu ne," ta ce da ƙanenta. "Zanen Inna. Biyu ne."

"Uku ne, Yaya."

"Kwaɓa laka."

Ba ta bar su sun tafi ba sai da Ɗan'azumi ya tuɓe farar rigarsa, ya tankaɗe sabuwar toka, ya kwaɓa laka da ƙafa, ya liƙe bakin tulun. Ta duba ta ce bai yi ba, ya sake. Rilwanu ya ɗauke shi hoto da waya, hoton da har yau yake nuna wa fasinja.

A hanyar dawowa Ɗan'azumi ya rungume gwangwanin a kan matashin da ya aro, duk ramin da suka faɗa sai ya yi salati ya ce a tafi a hankali. Rilwanu ya ce bai taɓa ɗaukar mai naƙuda da ta dame shi haka ba. Sun isa shago bayan la'asar. Mutanen tasha sun ji labari sun cika ƙofa. Aka tayar da janareta. Ɗan'azumi ya warware leda ta farko, toka. Ta biyu, 'yar toka kaɗan. Ta uku, tas. Ya jona igiya. 'Yar fitilar jikin abin ta yi ƙyaf, ya ɗora yatsa ya ji yana juyawa a hankali, ba ƙara. Sai ga sunayen garuruwa sun jero a allo, Kangire, Fagam, Unguwar Ya. Ɗan'azumi ya fito bakin titi da takalmi ɗayan nan yana juyi yana ihu, "Tsoho ya tashi! Tsoho ya tashi!" Wata mai fura da ba ta san zancen ba ta ajiye ƙwarya ta tambayi tsohon wa.

Kafin ya rufe shago ya wanke hotunan goma sha ɗayan a takarda, ya kuma tura su a wayar Rilwanu da tasa.

Ranar kasuwa Ummussalma ta kawo Gwaggo Batulu. Aka zaunar da ita a gaban allo, aka ƙara girman hoton, ta matso har hancinta yana taɓa gilashi. Ba ta yi sauri ba. Ta fara daga hagu, kowace mata sai ta faɗi sunanta, da wanda ta aura, da abin da ta taɓa yi mata. Wannan ta ari tukunyarta ta dawo da ita a fashe. Wannan ta iya dambu amma ba ta iya gaisuwa ba. Wannan mai ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ita ce da kanta, a duba yadda take a da. Ummussalma tana tsaye a bayanta ta damƙe jakarta. A hoto na shida, layin baya, ta biyu daga dama, tsohuwar ta tsaya. Wata siririyar mata ce ta juya kai gefe tana dariya, tana kallon wani abu da bai fito a hoton ba.

"Ga ta nan. Akuyar take wa dariya."

Matar tana da wushirya. Ummussalma ta kai yatsa ta taɓa tata. Ɗan'azumi ya yanko fuskar ita kaɗai, ya wanke babba guda biyu. Gwaggo Batulu ta ce ita ma a yanko tata.

An yi asara duk da haka, kuma ba ya ɓoye ta. Duk abin da ya ɗauka daga Nuwamba zuwa ranar da saurayin ya mutu ya tafi, tun da tsohon yana cikin toka ba a ƙara masa komai ba. Biki huɗu ne da suna tara da fasfo masu yawa. Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, inda aka riga aka karɓi hotuna ya aro ya sake zubawa, inda ba a karɓa ba ya ba da haƙuri. Wata amarya a Kangire har yanzu ba ta amsa gaisuwarsa.

In aka tambaye shi yanzu ko gyararre ya cancanci saye, ya daina wa'azin da yake yi a tasha. Yakan ce a duba awanninsa, amma kar a rantse da su. Yakan ce wanda zai sayi ɗaya tak, sabo ko gyararre, ya zuba duk abin da ya mallaka a ciki, to ya shirya kuka. Shi dai da kuɗin sabo ɗaya ya sayi biyu, kuma na biyun ne ya fitar da shi. Rilwanu yakan ce toka ce ta fitar da shi.

Ya koma Kano ya sayo wani gyararren, ya kwafe komai. Yanzu duk ƙarshen wata yakan kai ɗaya Fagam ya ɗauko ɗaya. Safiyatu ta ware musu 'yar tukunya mai murfi, ba laka, amma ta ƙi yarda a bar tokar.

Ranar Talatar da ta wuce ya je musanya. Ya tarar da ita ta yi wanka ta ɗaura sabon zani ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno kusa da tulun wakenta. Ta ce in zai ɗauka ya ɗauka da sauri, tana da aiki, kuma ya tabbata kunnuwanta biyu sun fito. Ya ɗauke ta sau uku, ya zuba a ma'ajiyar da ya zo da ita tun a can, ya dawo Birnin Kudu ya zuba a ɗayar.